Ƙofar Amurka ta rufe: ta ina yaronmu mai tsawo zai bi ya zama ɗan ƙwallon kwando?

A tsakiyar watan Disamban 2025 shugaban Amurka Donald Trump ya sa hannu kan takardar da ta ƙara Nijar cikin jerin ƙasashen da aka hana ƴaƴansu bizar shiga Amurka, tare da Mali da Burkina Faso da Sudan ta Kudu da Siriya. Dokar ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026. Nijeriya ma ba ta tsira ba, don an taƙaita mata wasu nau'o'in biza, har da ta ɗalibai. An sha magana kan ƴan kasuwa da masu zuwa ganin dangi, amma akwai waɗanda abin ya shafa ba a cika ambatonsu ba: samari da ƴan mata masu buga ƙwallon kwando. An dai keɓe ƴan wasan da za su je manyan gasanni irin su Olamfik. Yaro ɗan shekara 16 da ke neman gurbin karatu a sakandare ba ya cikin waɗanda aka keɓe.

Me ya haɗa biza da ƙwallo? Jama'a, a wanga wasa hanyar zama ƙwararre ta makaranta take bi. A ƙwallon ƙafa yaro na iya tashi daga filin unguwa ya faɗa hannun kulob. A ƙwallon kwando, tsarin Amurka, wanda shi ne ya fi kowane kuɗi, haka yake: sakandare, sai jami'a, sannan ƙungiyoyin ƙwararru su zaɓa. Makarantar ce ke da fili, ita ke da koci, ita ke ciyar da yaro, kuma in makinsa na aji ya faɗi, a kan benci zai zauna kome iya wasarsa.

Ɗan ƙasarmu da ya taka wannan tsani mataki-mataki shi ne Abdoulaye Harouna, haifaffen Yamai a 1992. Ya yi sakandare a makarantar South Kent a Amurka, daga baya ya buga ma jami'ar Miami ta jihar Ohayo. Kada a ruɗe da birnin Miami na bakin teku, wannan dabam ce. Bai samu shiga NBA ba, wato babbar gasar Amurka, kuma wannan ba abin kunya ba ne: ƙungiyoyi 30 ne, kowace na da ƴan wasa wajen 15, sabbin jinin da ake zaɓa a shekara kuwa ba su wuce 60 daga duk duniya. Harouna ya komo gida ya sa rigar Nigelec. Da aka buɗe gasar ƙungiyoyin Afirka ta BAL a Kigali cikin watan Mayun 2021, sai ga shi da ƙungiyar FAP ta Kamaru. A 2022 yana AS Salé ta Maroko, 2023 yana ABC Fighters ta Abijan, 2024 kuma AS Douanes ta Dakar. Ƙasa huɗu cikin shekara huɗu, da wasa yake cin abinci, da tutar Nijar a gefen sunansa. To ku duba fa, ko ɗaya daga ƙungiyoyin nan huɗu ba ta Nijar ba ce. Nigelec ta sha shiga wasannin share fage, amma zuwa gasar 2025 babu ƙungiyar ƙasarmu da ta kai ga ainihin BAL.

Labari na biyu daga Zariya yake, garin da ya fi Yamai kusa da mu nan Maraɗi in an bi ta Katsina. Masai Ujiri an haife shi a Ingila a 1970, amma a Zariya ya tashi tun yana ƙarami. Ƙwallon ƙafa ya fara bugawa kamar kowa, sai wajen shekara 13 ya koma ga kwando, a filayen garin, inda wani koci Ba'amurke mai suna Oliver Johnson ya daɗe yana horas da yara a jami'ar Ahmadu Bello. Daga nan sai sakandare a birnin Seattle, sai kwalejin Bismarck a Dakota ta Arewa, sai wajen shekara 6 yana wasa don albashi a ƙasashen Turai. Shi ma bai buga NBA ba. Da ya aje wasa, ya fara yi ma ƙungiyar Orlando aikin farautar ƴan wasa ba tare da albashi ba, yana biyan kuɗin tafiya daga aljihunsa. A 2010 ya zama babban manajan ƙungiyar Denver, a 2013 ya koma Toronto ta Kanada, a 2019 ƙungiyar da ya haɗa ta ci kofin NBA. Sun rabu da Toronto a watan Yunin 2025.

Abin da nake so mu riƙe cikin labaran nan biyu ba jirgin da suka hau ba ne. Kafin jirgi akwai fili, akwai babba da ya tsaya a bakin filin da usur a baki, akwai aji. Yamai na da su, Zariya na da su. Shi ya sa Ujiri, da ƙungiyarsa ta Giants of Africa da ya kafa a 2003, ya maida hankali ga gina filaye, har ya yi alkawarin 100 a faɗin Afirka. Mutumin da ya kai ƙololuwa ya waiwayo, abin da ya ga ya kamata ya zuba ma kuɗi shi ne daɓen siminti.

Yanzu da ƙofar Amurka ta rufe mana, hanyar cikin Afirka ce ta rage, kuma ba ƙaramar hanya ba ce kamar da. NBA na da makarantar horo a Saly ta Senegal, inda yara ke kwana, su yi karatu, su yi wasa. Daga can Ulrich Chomche ɗan Kamaru ya shiga NBA kai tsaye a 2024. Khaman Maluach, ɗan Sudan ta Kudu da ya girma yana gudun hijira a Yuganda, can ya yi horo, ya buga BAL yana yaro, ya yi shekara guda a jami'ar Duke, aka zaɓe shi na 10 a 2025. Akwai kuma ƙungiyoyin Maroko, Masar, Tunisiya, Angola da Ruwanda masu biyan albashi, ga Faransa da Sifen da ke ɗaukar yaran Afirka ta Yamma tun da daɗewa. In kuma wani ya ce talauci ne ya hana mu, sai mu leƙa Mali. Samarinsu ƴan ƙasa da shekara 19 sun kai wasan ƙarshe na kofin duniya a 2019, Amurka ce ta kada su a wasan. Manyansu sun kai wasan ƙarshe na kofin Afirka a watan Agustan 2025, Angola ta ɗauka.  Mali ta fi mu kulob na yara da gasar da ake yi kowace shekara.

Mu nan ba baƙin tsani ba ne, muna da namu, na kokowa. Yaro na fara kama ƙugu a dandalin gari bayan girbi, makaɗi ya san shi, mai gari ya san shi, a kai shi zaɓen gunduma, daga can zuwa jiha, jiha ta fidda goma ta tura gasar takobi. Ta haka Kantu ya kawo ma Maraɗi takobin farko daga Tawa a 1975, har aka sa ma filin kokowar Maraɗi sunansa. Ba wanda ya taɓa buƙatar biza don a gane ɗan kokowa. Amma ɗauki yaron Sae Sabuwa, ko na wani ƙauyen Agiye ko Gazawa, wanda ya kai mita biyu saura kaɗan yana ɗan shekara 15. Wa zai gan shi? Tsawon nasa abin tsokana ne, a ce masa dogo, a ce raƙumi, a aike shi kakkaɓo mangwaro. In rani ya yi sai ya bi sa'o'insa cirani, Kano ko Legas ko Agadas. A yawancin kwalejojinmu na karkara, inda wasu azuzuwan ma na zana ne, mushen wasanni ba shi da abin da ya wuce fili mai rairayi da igiyar tsalle, alhali wasan motsa jiki na cikin jarrabawar BEPC. Ƙwallon kwando kuwa ba ya tashi a rairayi. Yana son daɓe mai mita 28 a tsawo, 15 a faɗi, da ƙarfe biyu da aka kafa ma zobe a tsawon mita 3 da santimita 5. Ko rabin fili da zobe guda ya isa a fara, don akwai wasan uku-uku da har a Olamfik ake yinsa. Maƙerin walda na kasuwar Gidan Rumji zai iya haɗa ƙarfen. Simintin ne ke son a taru.

Akwai kuma wata matsala da ta fi siminti arha amma ta fi cin yara: takardar haihuwa. Duk sansanin horo, duk makaranta, duk gasar matasa da shekaru ake shiga. Yaron da aka haifa a gida ba a rubuta shi ba, sai lokacin jarrabawa aka yi masa takardar alƙali da shekarun kintace, yana iya rasa gurbi tun kafin ya taɓa ƙwallo. Wasu kuma su ce a rage masa shekara uku don ya shiga cikin yara. Ranar da aka gano, an rufe masa ƙofa ke nan, kuma a shafa ma ƴan ƙasarsu na baya kashin kaji.

Sai maganar da ta sa na ga ya dace ƴan uwanmu na ƙetare su karanta wannan da kyau. Duk lokacin da hanya ta gaskiya ta toshe, dillalan ƙarya ke yawaita. Za a kira ku a WhatsApp, ko a kira baban yaro, a ce an ga bidiyon ɗanku, akwai makaranta a Amurka ko kulob a Turai da ke jiransa, a turo kuɗin takardu da na jirgi. Baba zai saida bijimi ko ya jinginar da gona, ya kuma ɗaga waya ya ce, "Ɗan uwa, ka cika mana sauran." Kafin ku aika ko dala, ku tuna cewa ɗan Nijar ba ya samun bizar karatu ta Amurka a yanzu, ko wane ne ya yi alkawarin. Makarantar Saly kuwa zaɓar yara take yi a sansanonin gwaji, ita ke ɗaukar nauyinsu, ba saida gurbi take ba. Ku tambayi sunan makarantar ko kulob ɗin, ku neme su da kanku tunda kuna da intanet, ku tuntuɓi hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa a Yamai ko ofishin matasa da wasanni na jiha a Maraɗi. In ɗiya mace ce, a ƙara sa ido sau biyu kan wanda za a damƙa ma ita: a Malin nan da muka yaba, a 2021 an bankaɗo cin zarafin ƴan mata ƴan wasa, har aka kama kocin ƙungiyar matasansu.

Wasu iyaye za su ce, mu da muke fama da hatsin da zai kai mu kaka, ina ruwanmu da jefa ƙwallo cikin kwando? Maganarsu na da ƙamshin gaskiya, kuma ni ba zan ce ma kowa ɗansa zai zama Maluach ba. Cikin yara dubu da za su taka filin, watakila ko guda ba zai ci abinci da wasan ba. Ribar da nake hange ta fi wannan kusa: wasan da dole sai kana aji ake barinka ka buga, yana riƙe yaro a makaranta shekara biyu ko uku fiye da yadda zai zauna. Harouna da Ujiri duk ta aji suka bi, kuma lokacin da ƙafa ta gaji, abin da Ujiri ya koya a wajen fili ne ya ɗauke shi.

Ƙungiyoyin ƴan asalin yankin nan da ke Yamai, Kano, Kwatano da Abijan sun saba haɗa kuɗi su gina masallaci, su gyara famfo, su sayi tabarmin makaranta. Wanda duk ke shirin tura jikka ɗari biyar ga dillalin da bai taɓa gani ba, ya fara tambayar daraktan CEG na garinsu buhun siminti nawa rabin fili zai ci, da kuma wane mushe ne zai riƙe usur ɗin ranar Laraba da marece.