Seramik ba laya ba ne: kafin ka zagi mai wankin mota, duba ruwan

1/ Jama'a, kafin ku kwashi kuɗi ku kai a shafa wa motarku seramik, ku ɗan tsaya ku karanta wannan. Ranar Asabar a gabana aka ci mutuncin wani yaro kan laifin da ba nasa ba, har yau abin bai bar raina ba. Da ɗan tsawo, ku yi haƙuri. 🧵

2/ Kimiyyar sinadarai nake karantawa, amma duk ƙarshen mako ina wurin wankin motar kawuna, da shi nake haɗa kuɗin takardu. Wani Alhaji ya kawo baƙar mota, sati uku da yi mata seramik. Ƙarfe ɗaya na rana, wai sauri yake, ba zai jira layin rumfa ba, a wanke a fili.

3/ Yaronmu ya wanke ta tas. Kafin ya zagayo da tawul, rana ta shanye ruwan da ke kan bonet. Sai ga farin ɗigo-ɗigo kamar jikin zabuwa. Alhaji ya hau faɗa: "Kai wane irin sakarai ne? Ka san nawa na kashe a motar nan?" Ya ja abarsa bai biya ba. Kawu ya cire kuɗin daga ladan yaron.

4/ An bar jaki ana dukan taiki kenan. A ganina laifin na ruwa ne da rana, sai kuma wanda ya karɓi kuɗin Alhaji bai zaunar da shi ya gaya masa abin da ya saya ba. Bari in yi bayani.

5/ Seramik ɗin nan ruwa ne mai sinadarin silika, dangin abin da ake yin gilashi da shi. Ana shafa shi a kan fatar fenti ta sama, ya bushe ya kama. Kaurinsa yawanci bai wuce maikiron 1 zuwa 2 ba. Silin gashi guda yakan kai wajen 70. Ku kwatanta.

6/ Yana da amfani, ba na musu. Ruwa ba ya kwanciya a jikin motar, datti ba ya manne mata sosai, wanki ya yi sauƙi, sheƙin ya ƙaru. Folish na yau da kullum watanni yake yi, shi kuwa mai kyau yakan yi shekaru in an kula da shi.

7/ Amma ba sulke ba ne. Wannan "9H" da kuke gani a kwalba ma'aunin taurin fensir ne, ba na duwatsu ba. Ƙurar hunturu cike take da ɓarɓashin yashi. Ka sa busasshen tsumma ka goge ta da safe, wallahi kamar ka goga wa motar sanfefa ne, da seramik ko babu. Tsakuwar hanya ma ba ta san shi ba.

8/ Yanzu batun ruwa. A wurare da yawa ruwan rijiya da na burtsatse na ɗauke da kalsiyam da maganiziyam a narke, ido ba ya gani. Ku leƙa cikin butar dafa ruwan da ta daɗe tana aiki. Farin nan da ya daskare a ƙasanta, shi ne dai ya fito a motar Alhaji. Ruwa ya tashi, ya bar kayansa.

9/ Ga inda abin ya ba ni dariya: seramik na sa ruwa ya dunƙule ƙwallo-ƙwallo, abin da masu talla ke nunawa a bidiyo. To kowane ƙwallo ya bushe a rana, zobe ɗaya zai bari. Baƙar mota ta fi ɗaukar zafi, ta fi tona asiri. In tabon ya daɗe kuma, yana iya cin seramik ɗin kansa.

10/ Wankin da ba ya barin tabo ba siddabaru ba ne. Ɗaurayar ƙarshe ce da ruwan da aka cire wa waɗannan sinadarai, ta na'urar tace ruwa ta RO ko makamanciyarta. Akwai 'yar mitar TDS, kamar biro take, ana tsoma ta a ruwa. Iya kusancin lambar da sifili, iya ƙarancin tabo.

11/ In babu halin na'ura, ga na talaka:
• A wanke a inuwa, da safe ko da yamma, jikin mota da sanyi
• A fara kore ƙura da ruwa kafin hannu ya taɓa
• Bokiti biyu: na kumfa da na ɗauraye soso
• Sabulun mota, ba omo ba
• Ɓangare-ɓangare, ana wankewa ana tsanewa da tawul mai laushi

12/ Ƙarin dabara biyu. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki kusan ba shi da kalsiyam, a tara shi a mazubi mai tsabta don ɗaurayar ƙarshe. Sabon tabo kuma, ruwan khal rabi, ruwa rabi yakan narkar da shi. A inuwa, a ɗauraye nan take.

13/ Wani zai ce, "To kana nufin seramik damfara ce?" A'a. Damfarar ita ce a sayar maka da shi a matsayin maganin komai. Tambayi mai shafawa: zai fara goge ƙarcen da ke jikin fentin? In bai goge ba, rufe shi zai yi a ciki. Kwana nawa za a jira kafin wankin farko? Da wane ruwa? In ya kama kame-kame, riƙe kuɗinka.

14/ Da ni ne mai mota, ga yadda zan jera kashe kuɗina: rumfa, ruwa mai kyau, tawul da sabulu, sannan seramik a ƙarshe. Wanda ya fara daga ƙarshe, kullum yana cikin neman wanda zai ɗora wa laifi. Mafi sauƙin samu kuwa shi ne yaron da ba shi da bakin ramawa.

15/ Da yamma na ce, "Kawu, ku yi haƙuri, yaron nan fa ba shi da laifi." Na yi ta bayani. Ya ce, "To ɗan boko, kai za ka saya mana injin tace ruwan?" Bai mayar da kuɗin ba. Amma ya kafa doka: ba a ƙara wanke mota a rana, ko ta waye. Na karɓi wannan, sauran muna kan magana.

16/ Masu mota, don Allah: mutum ya tsaya cikin rana yana wanke abin da bai taɓa hawa ba, ko ba komai ya cancanci a tambaye shi me ya faru kafin a zage shi. Ku tura wa abokin nan naku da ke shirin yin seramik. Masu wurin wanki kuma, da wane ruwa kuke ɗaurayar ƙarshe? Ina jiran ku a ƙasa.