Karen Gidan Baskerville Ya Cancanci Dandalin Bande

A shekarar 2007, a Ingila, ƴan wasa uku kacal suka ɗauki labarin Karen Gidan Baskerville, wanda Arthur Conan Doyle ya fitar a littafi a 1902, suka maishe shi wasan kwaikwayo na ban dariya, kowane ɗayansu yana sauya riga da murya ya fito a matsayin mutane da dama. A 2015 Ken Ludwig ya sake yin irinsa a Amurka da mutum biyar. Ke nan wasan bai buƙatar babban zaure ko kuɗi mai yawa, kuma tun da mawallafin ya rasu a 1930, babu mai neman ko dala a kan haƙƙinsa. Bai fi ƙarfin matasan Bande ba, kuma ƙasar Magarya ta fi Landan buƙatarsa.

Ga yadda labarin yake. Wani attajiri mai ciwon zuciya ya faɗi matacce da dare, ga sawun ƙaton kare kusa da gawar. Nan da nan gari ya ɗauka cewa tsohuwar la'anar gidan ce ta waiwayo. Da magajinsa ya iso daga Kanada, sai aka sace masa sabon takalmi ƙafa ɗaya a masauki, aka maido, aka ɗauke tsoho. Kowa ya ɗauki abin shirme, ban da mai bincike Sherlock Holmes, wanda ya gane cewa sabon takalmi ba shi da warin mai shi, kuma dodo bai buƙatar sansana takalmi. Ashe wani ɗan dangi ne ya ɓoye asalinsa, ya sayi kare, ya shafa masa sinadari mai ƙyalli a duhu, don ya share hanyar cin gado.

A sauya fadamar Ingila da gonar gero da gyaɗa, a sauya attajirin da maigida mai gandu, labarin ya zama na gida. Ƙasar Magarya da Dungas na cikin inda jama'a suka fi cunkushewa a Nijar. Gonaki sai ƙara tsukewa suke yi da kowane rabon gado. Dokar karkara ta 1993 ta tanadi kwamitocin filaye don a rubuta mallaka, amma wanda aka jefa da kalmar maita kan bar gari kafin takarda ta yi masa rana. Ƴan kasuwa kuma ba su manta da jita-jitar satar mazakuta ba, wadda ta ci rayuka a Legas a 1990 da Akra a 1997, inda musabaha kaɗai ta isa a rufe baƙo da duka.

Damagaram ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Nan aka buɗe bikin matasa na ƙasa a 1976, nan kuma su Yazi Dogo suka sa gidaje suka riƙa yin tsit a gaban rediyo. Sai dai yawancin wasannin zamanin samariya hanyarsu ɗaya ce: a nuna mai laifi tun farko, a yi masa dariya, hukuma ta zo a ƙarshe ta yanke hukunci. Ɗan kallo bai da aiki sai tafi, abin da kuwa ya yi wa mulkin soja daidai. Labarin bincike yana ɓoye mai laifi, ya baje alamu a gaban kowa, har mai sayar da goro ya fara tambayar wa ya gani da ido, wa kuma zai ci riba.

Wasu za su ce wannan izgili ne ga gaibu. Ko kusa. Wasan bai taɓa batun samuwar aljanu ba. Ɗan Adam mai fakewa da su ne ya tona, kuma shari'ar Musulunci da kanta ta ɗora wa mai ƙara nauyin kawo hujja. Haɗarin da ke akwai shi ne a biye wa ƴan Landan, dariya ta cinye binciken. A yi barkwanci, amma batun takalmin nan a bar shi da nauyinsa.

Abin da ake nema wurin magajin garin Bande kaɗan ne: filin makaranta, fitila, da izinin dare guda bayan girbi. Sauran kuwa, attajiri ɗaya na kasuwar Magarya zai iya ɗaukarsa, har da kuɗin fatar da za a ɗinka wa karen.