Darasin tankin gishiri a tashar Noor III ta Maroko

A wajen garin Warzazat na ƙasar Maroko akwai wata doguwar hasumiya da dubban madubai suka kewaye. Madubai ne ke tattara hasken rana su haska shi a ƙololuwarta, inda ake dumama narkakken gishiri har zafinsa ya kai maki 565 a ma'aunin Selshiyas. Ana tara shi a wani ƙaton tanki, da dare kuma zafinsa ya tafasa ruwa, tururin ya juya injin. Da haka tashar Noor III mai ƙarfin megawat 150 ke ci gaba da ba da wuta kusan awa bakwai bayan faɗuwar rana.

Gishirin dai haɗin sinadaran nitirat ne na sodiyam da fotasiyam, kuma yana da wuyar sha'ani. Idan zafinsa ya sauko zuwa wajen maki 230 sai ya daskare ya toshe bututu, shi ya sa ko tankin da ake kira na sanyi ake riƙe shi a kusan maki 290. Ƙarfen tankin zafi kuwa kullum yana cikin buɗewa da tsukewa, har wata rana ya tsage.

A farkon 2024 tankin zafin Noor III ya fara yoyo. Tashar ta tsaya fiye da shekara guda, kamfanin ACWA Power da ke gudanar da ita ya ƙiyasta asarar kusan dala miliyan 47. Irin wannan yoyo ya tsayar da tashar Crescent Dunes ta jihar Nevada a Amurka wata takwas daga 2016.

Wannan bai isa a juya wa fasahar baya ba, domin adana zafin rana don amfanin dare babbar riba ce. Amma ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Duk gwamnatin Afirka da ke sha'awar irin wannan tasha, kafin ta sa hannu ya kamata ta tambaya: wa zai biya idan tanki ya tsage? Masu walda da injiniyoyi nawa na gida za a horar? Daga ina za a samo ruwan wanke madubai a cikin hamada? Idan yarjejeniya ba ta amsa waɗannan ba, mai biyan kuɗin wuta ne zai ɗauki asarar.