Raddi Ga Masu Ɗora Wa Obama Alhakin Tarzomar Biranen Amurka

Wasu masu sharhi a Amurka sun daɗe suna nanata cewa Barack Obama ne ya tado da gabar launin fata, ya tunzura baƙar fata a kan 'yan sanda har Ferguson da Baltimore suka kama da wuta. Hujjoji uku suke kafawa, kuma za mu bi su daki-daki.

Ta farko, wai kafin ya hau mulki a 2009 zaune ake lafiya. Tarihi ya ƙaryata su. A 1965 'yan sanda suka tsayar da wani direba baƙar fata a unguwar Watts ta Los Angeles, tarzomar da ta biyo baya ta ci rai 34. A watan Yulin 1967 mutum 26 suka mutu a Newark, 43 a Detroit, inda samame a wata mashaya marar lasisi ya kunna wutar. Kwamitin Kerner, wanda Shugaba Lyndon Johnson ya kafa, ya yi gargaɗi a 1968 cewa ƙasar na neman darewa gida biyu, farare da baƙaƙe, ba tare da daidaito ba. Lokacin Obama yana ɗan shekara 6. A 1992 kuma, zamanin George Bush babba, aka wanke 'yan sandan da bidiyo ya nuna suna lakaɗa wa Rodney King duka, fiye da mutum 50 suka halaka a rikicin da ya biyo baya.

Ta biyu, wai Obama ya ɗauki ɓangare, ya juya wa 'yan sanda baya. To, Ma'aikatar Shari'ar gwamnatinsa ce ta ƙi gurfanar da Darren Wilson, ɗan sandan da ya harbe Michael Brown a Ferguson a 2014, don ba ta sami hujjar da za ta kai shi kotu ba. Obama da bakinsa ya kira masu ƙone-ƙone da wawushe kantuna a Baltimore masu laifi. Da aka kashe 'yan sanda 5 a Dallas a 2016, ya je ya yi jawabi a taron makokinsu, George Bush ƙarami na gefensa.

Abin da masu wannan zance ba sa son a tono shi ne rahoton da Ma'aikatar Shari'a ta fitar kan Ferguson a Maris 2015. A lokacin, baƙar fata kashi 67 cikin 100 ne na mazauna Ferguson, amma su ne kashi 85 na direbobin da ake tsayarwa, kuma kashi 93 na waɗanda ake kamawa. Hukumar garin ta mai da tara hanyar cika baitulmali. Talaka ya ajiye mota ba daidai ba, a ci shi tara. Ya kasa biya ko ya rasa ranar kotu, a ƙara masa wata, a ba da sammacin kama shi, ya kwana a bayan kanta. Wanda ya sha wannan shekara da shekaru ba ya jiran jawabin shugaban ƙasa kafin ransa ya ɓaci.

Ta uku, wai da shugaba mai zafin hannu ne a kan karaga da ba wanda zai fito titi. An gwada. Donald Trump ne ke mulki ranar 25 ga Mayu 2020, lokacin da ɗan sanda Derek Chauvin ya danne wuyan George Floyd da gwiwa fiye da minti 9 a Minneapolis, zanga-zanga ta bazu a dukkan jihohi 50. Ga shi kuma hukumomin 'yan sanda kusan 18,000 ne a Amurka, galibinsu a hannun birane da gundumomi da jihohi suke, shugaban ƙasa ba ya naɗa shugabanninsu. An bar jaki ke nan ana dukan taiki.

Wannan bai wanke shugabanni ba, domin suna da makami a hannu. Wata doka ta 1994 ta ba Ma'aikatar Shari'a ikon binciken rundunar da cin zali ya zame mata ɗabi'a, ta kai ta kotu a tilasta mata gyara. Gwamnatin Obama ta yi aiki da ita a Ferguson da Baltimore. Jeff Sessions, ministan shari'ar Trump, ya taƙaita ta a 2018. Johnson kuwa ya jingine rahoton Kerner, kura ta rufe shi. Mai neman shugaban da zai tuhuma, ya fara da wanda aka kawo wa shaidar zalunci a rubuce ya kau da kai.