Taron Babura na Sturgis: Tanti a Kusa Ya Fi Otal a Nesa

Mutanen garin Sturgis da ke jihar Dakota ta Kudu a Amurka kimanin dubu bakwai ne kacal. Amma duk watan Agusta, na tsawon kwana goma, mahaya babura kan yi wa garin tsinke har a rasa masaka tsinke. A 2015, da aka yi taron karo na 75, an ƙiyasta baƙi sun haura 700,000. Duk wanda ya ɗaura niyyar zuwa, kafin ya duba tayoyi da birki, sai ya fara warware maganar makwanci.

Tun asali taron na 'yan tanti ne. Clarence Hoel, dillalin babura ƙirar Indian, shi da ƙungiyarsa ta Jackpine Gypsies suka fara shi a 1938, kuma baƙin farko a bayan gidansa suka yada zango, matarsa Pearl tana dafa musu abinci.

Yau da yawa sun fi son otal, ba kuma za a ga laifinsu ba: ga gado, ga na'urar sanyaya ɗaki, ga banɗakin da ba a bin layi. Sai dai otal-otal ɗin cikin Sturgis 'yan kaɗan ne, ana kama ɗakunan tun shekara guda kafin taron, farashi ya ninka, wasu ma sai an biya kwanaki da dama a dunƙule. Wanda ya makara sai ya gangara Deadwood mai nisan kilomita kusan 20, ko Spearfish, ko Rapid City mai nisan kusan 45.

A nan gizo ke saƙa. Shagalin Sturgis na dare ne. Mutum ya wuni cikin rana a kan babur, ya tsaya kallon mawaƙa har tsakar dare, sannan ya ce zai kama babbar hanyar I-90 ya koma masauki. Ido ya yi nauyi, barewa na tsallaka titi ba sallama, cikin abokan tafiya akwai waɗanda suka sha suka yi tatil, ga dokar jihar ba ta tilasta wa wanda ya kai shekara 18 sanya hular kwano ba. Da wuya a kammala taron ba a kirga gawarwaki a hanyoyin yankin ba. Mai lissafin kuɗin ɗaki ya kamata ya haɗa da wannan tafiyar, dare bayan dare.

Mai tanti ya huta da ita. A sansanin Buffalo Chip, wanda Rod Woodruff ya buɗe a 1981 kimanin kilomita biyar gabas da gari, dandalin mawaƙa da makwanci wuri ɗaya suke. Ana tashi, mutum ya taka da ƙafa ya shige tantinsa. Wahalarsa ba ɓoyayya ba ce. Jama'ar wurin da murza totur suke tafi, barci sai da auduga a kunne. Hantsi na ɗagawa tanti ya zama tanda, sannan yankin Black Hills ya yi suna wajen hadarin bazata da ƙanƙarar da ke lotsa tankin babur. Duk da haka, asarar barci da jiƙewar kaya abubuwa ne da ake warkewa daga gare su.

Akwai kuma tsaka-tsaki: mazauna garin kan ba da hayar filin ƙofar gidansu a kafa tanti, da izinin shiga banɗaki, wasu su ba da gidan gaba ɗaya su yi balaguro.

Otal na da ranarsa. Dattijon da bayansa ya gaji da kwanan ƙasa, wanda hanyoyin Needles da Iron Mountain da dutsen Rushmore suka kawo shi, gara ya kama ɗaki a Custer ko Hill City, ya leƙa Sturgis da rana, ya koma kafin magariba. Amma wanda ya san zai kai dare a dandali, ya nemi fili a sansani tun hunturu, ya ɗaure tanti da tabarmar roba a bayan babur, ya kuma tanadi bargo mai kauri na rufe babur ɗin idan ƙanƙara ta sauko.