RA'AYI: Idan Ultima ya koma hannun mai shi, me masoya za su karɓa?

A shekarar 1992 ne kamfanin Electronic Arts na Amurka, wanda aka fi sani da EA, ya saye Origin Systems, kamfanin da Richard Garriott da ɗan'uwansa Robert suka kafa a 1983. Da wannan ciniki ne Ultima ya bar hannun wanda ya ƙirƙiro shi. Ultima jerin wasannin kwamfuta ne irin waɗanda mai wasa ke shiga rigar jarumi, ya yi yawo cikin wata ƙagaggiyar duniya, kuma abin da ya zaɓa ya juya labarin. Na farkonsu ya fito a 1981. Na huɗu, a 1985, ya zo da abin da ba a saba gani ba: maimakon a kashe wani mugu a gama, sai aka auna mai wasa da gaskiya da tausayi da tawali'u.

EA ya fitar da na tara a 1999 cike da kurakurai, ya rufe Origin a 2004, daga nan jerin ya shiga kwandon ajiya. Shekarar 2027 ce za ta cika shekara 35 da cinikin, kuma ba a banza masoya suka zura wa wannan adadi ido ba.

Dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1976, a sashe na 203, ta bai wa mai ƙirƙira damar soke cinikin da ya yi na haƙƙinsa bayan shekara 35, matuƙar an yi cinikin daga 1 ga Janairun 1978 zuwa sama. Yana da tazarar shekara biyar da zai yi hakan, kuma sai ya ba da sanarwa aƙalla shekara biyu kafin ranar. Hikimar dokar a fili take. Matashin da ya sayar da aikinsa bai san darajar da zai yi nan gaba ba, shi kuwa mai saye yana da lauyoyi da kuɗi. Wannan jarida na ganin adalci a wannan tanadi, kuma tana goyon bayan duk mai fasahar da ya bi ta wannan ƙofa. Kamfanin da ya ajiye aiki fiye da shekara ashirin bai taɓuka masa abin kirki ba, ba shi da bakin kuka idan aka karɓe.

Sai dai ƙofar ba ta da faɗin da masoya ke zato. Dokar ba ta shafi aikin da ma'aikaci ya yi wa kamfaninsa a bakin albashi ba, wasan kwamfuta kuwa, tun daga ƙarshen shekarun 1980, aikin gayya ne na masu zane da marubuta da masu kiɗa da masu tsara manhaja. Abin da Garriott ya haɗa shi kaɗai yana matashi daban, abin da tawagar Origin ta haɗa daban, kuma raba su aikin lauyoyi ne, wataƙila har da alƙali. Haka nan sokewar a cikin Amurka kaɗai take aiki. Ayyukan da aka riga aka gina a kan na asali kafin sokewar suna iya ci gaba da zama a kasuwa. Babban abin kuma shi ne suna. Sunan kasuwanci mai rajista yana ƙarƙashin wata doka ce daban, sashe na 203 bai taɓa shi ba. Mutum na iya karɓo labarinsa da jarumansa, amma a hana shi rubuta sunan da duniya ta san su da shi a jikin kwali.

An riga an ga haka. Fred Ford da Paul Reiche, waɗanda suka ƙirƙiro Star Control II a 1992, suna riƙe da haƙƙin aikinsu, amma kamfanin Stardock ya sayi sunan a 2013 lokacin da Atari ya karye. Aka shiga kotu a ƙarshen 2017, aka yi sulhu a 2019. Suna ya zauna wa Stardock, su kuma suka sake fitar da tsohon wasan nasu da sabon suna, Free Stars. Shi kuwa EA, a watan Satumban 2025 aka sanar da cinikinsa kan dala biliyan 55 ga wata haɗaka da asusun zuba jari na Saudiyya ke ciki. Da wuya masu irin wannan jari su saki suna kyauta don albarkacin tuna baya.

A ɗauka ma an warware duk wannan. Saura abin da ba doka ke bayarwa ba.

Brian Fargo shi ne misalin da ya fi daɗin ji. Kamfaninsa Interplay ya haɗa Wasteland a 1988, amma EA ne ya wallafa shi ya riƙe haƙƙin, abin da ya sa Interplay ya haifar da Fallout a 1997 a madadinsa. Fargo ya kafa inXile, ya karɓo haƙƙin Wasteland a 2003, sannan ya yi shekaru yana zagaya manyan kamfanoni ba wanda ya kula shi. A 2012 ya juya ga masoya ta dandalin karo-karo na Kickstarter. Dala 900,000 ya nema, aka tara masa kusan miliyan 3. Wasteland 2 ya fito a 2014, kuma ya samu karɓuwa. Amma da ya sake gwadawa da The Bard's Tale IV, wasan ya fito a 2018 da matsaloli, sai da aka sake masa gyaran fuska a 2019. A ƙarshen 2018 ɗin ne Microsoft ya saye inXile ɗungurungum. Haƙƙin da aka sha wuya aka ƙwato daga wani babban kamfani ya sake faɗawa hannun wanda ya fi shi girma, domin riƙe haƙƙi ba ya biyan albashin ma'aikata.

Garriott kansa yana da bashin da bai gama biya ba. A 2013 ya tara kimanin dala miliyan 1.9 a Kickstarter don Shroud of the Avatar, wasan da aka tallata a matsayin magajin Ultima. Masu son labari irin na da suka zuba kuɗi, masu son wasan taron jama'a a intanet irin Ultima Online na 1997 su ma suka zuba. Aka yi ƙoƙarin gamsar da kowa, aka riƙa sayar da filaye da gidaje na cikin wasa da kuɗin gaske. Da ya fito a 2018 bai yi armashi ba, a 2019 kuma kamfaninsa Portalarium ya miƙa shi ga wani ƙaramin kamfani. A wancan karon babu EA a tsakani da za a ɗora wa laifi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma ba za a ga laifin masoyan da suka riƙe aljihunsu ba.

Su ma masoyan da nasu. Da yawa ba wasa suke nema ba, ƙuruciyarsu suke nema, lokacin da suke da dare guda cur na zama gaban kwamfuta ba mai kiransu. Garriott, wanda aka haifa a 1961, ba zai iya mayar musu da wannan ba, tawagar da ta haɗa Ultima VII kuma ta daɗe da watsewa. In ya kwaikwayi na da a ce ya tsufa, in ya sabunta a ce ya ci amana. Wani lokacin ma ajali ke shiga tsakani: Yoshitaka Murayama na Japan, wanda ya ƙirƙiro Suikoden amma haƙƙin ya zauna wa Konami, ya tara kuɗin masoya a 2020 don Eiyuden Chronicle, ya rasu a Fabrairun 2024, wata biyu kafin wasan ya fito.

Ma'aikatan gwamnati da hadiman da ke rubuta takardun manufofi a Abuja suna da abin dubawa a nan. A Najeriya ma an raba gida biyu: haƙƙin mallaka yana hannun hukumar NCC a ƙarƙashin dokar 2022 da aka sa wa hannu a 2023, rajistar sunan kasuwanci kuma tana Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari. Matashin da ke haɗa gem a Legas, ko mai shirya fim mai dogon zango a Kano, na iya sa hannu a takarda guda ya rabu da duka biyun har abada. Ya kamata hukumomin biyu su zauna su fitar da samfurin yarjejeniya mai wa'adi, wanda zai fayyace ranar da aiki da sunansa za su koma ga mai su.

Game da Ultima kuwa, abin da wannan jarida ke nema kaɗan ne. Duk ranar da wani haƙƙi ya dawo hannun Garriott, kafin ya karɓi ko dala ɗaya daga masoya, ya bayyana a rubuce waɗanne wasanni ne suka dawo, a wace ƙasa, da wane suna zai fitar da sabo, kuma wa zai riƙe haƙƙin idan kuɗi suka ƙare. Ya kuma fara da tsofaffin wasannin, ya gyara su yadda za su tashi a na'urorin yau, ya adana asalin rubutun manhajarsu inda ɗalibai za su iya gani.