Satar amsa a ajin cututtukan huhu wasa ne da rayuka

Malam Edita,

Ina roƙon fili in ja hankalin 'ya'yanmu masu karatun jinya a Abidjan.

Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwa cibiyar tarin fuka ta Adjamé ko ta Treichville ya san nauyin da ke kan ma'aikacin lafiya. Shi zai gane tarin da ya wuce mako 2 yana buƙatar gwajin majina. Shi zai fahimtar da majinyaci cewa maganin wata 6 ba a yanke shi a tsakiya, don kada ƙwayar cutar ta bijire. Ɗalibin da ya kwafi amsa daga waya, ko aboki ya sa masa hannu a rajistar zagayen asibiti, ina zai san wannan? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Malamai su bayyana dokokin aji tun ranar farko, hukunci ya hau kan kowa daidai. Mu iyaye kuma mu daina matsa wa yara su kawo maki ko ta halin ƙaƙa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Naku,
Wani mahaifi daga Adjamé